Tef ɗin tela ya fi sikelin Bluetooth sanin abin da tumbi ke ɓoyewa

A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga sahun caja, iyafis da fawa-banki a shagunan waya na Farm Centre da Beirut Road a Kano, kuma ya bi hanyar Zariya ya gangaro har Kwanar Dawaki da Kura. Na farko agogon hannu ne mai ƙirga taku da bugun zuciya. Na biyu, wanda bai kai shi yawa ba tukuna, sikelin gilashi ne da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Mutum ya cire takalmi ya hau, kafin daƙiƙa goma manhaja ta zazzago masa lambobi: nauyi, BMI, kason kitse, ruwan jiki, nauyin ƙashi, har da wani abu wai shi shekarun jiki. In duk suka fito da launin kore, sai a ɗauki hoton fuskar waya a ɗora a sitatus.

Wannan koren shi ne abin dubawa. Matashi ɗan shekara 27 da ba ya jin ciwon komai, yana ci yana barci lafiya, zai iya kasancewa jikinsa ya daɗe yana kokawa da suga a ɓoye, kuma babu ko ɗaya cikin lambobin nan da ke auna wannan kokawa kai tsaye. A cikin kayan da talaka zai iya mallaka, wanda ya fi kusa da gano ta shi ne tef ɗin awo irin wanda tela ke ratayawa a wuya. Kuɗinsa bai kai na datar mako guda ba, ba ya neman caji, ba ya kuma tambayar imel kafin ya fara aiki.

Me ake nufi da jiki ya bijire wa insulin?

Tuwo, shinkafa, burodi, lemon kwalba, duk wanda ya shiga ciki hanji na mayar da mafi yawansa suga ya tura cikin jini. Akwai wata gaɓa kwance a bayan jakar abinci da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya yi sallama a ƙofar tsoka da hanta da kitse, ya ce su karɓi sugan da ke yawo a jini, su ƙona ko su adana. Tsoka ce ke kwashe kaso mafi tsoka, kamar yadda sunanta ya nuna.

Bijirewa na farawa ne lokacin da tsoka da hanta suka daina amsa sallamar da wuri. Duk mai waya ya san bakin caji da ya fara cika da ƙura. Wayar tana ɗaukar caji har yanzu, amma sai an danna, an karkata, an nemo caja mai ƙarfi. Wanda ya kalli batir ya ga 100 zai ce lafiya lau, mai wayar ne kaɗai ya san wahalar da ake sha kafin a kai can. Haka fankiriyas ke yi, tana ninka insulin don ta tilasta wa jiki karɓar suga. Muddin tana iya ninkawa, gwajin suga zai riƙa fitowa daidai. Ranar da ta gaji, ranar suga ke hawa, a ce wa mutum ya kamu da ciwon suga nau'i na biyu, alhali an daɗe da fara tafiyar.

An bi diddigin wannan a Birtaniya, a wani bincike mai suna Whitehall II da ya riƙa auna dubban ma'aikatan gwamnati tsawon shekaru. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna cewa waɗanda suka kamu da ciwon daga baya, ƙarfin amsa insulin a jikinsu ya riƙa faɗuwa sosai tun shekara 5 kafin a gano, amma sugan jininsu bai yi tsalle ba sai a shekaru 3 na ƙarshe.

To ina kitse ya shigo? Kitse iri-iri ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya mintsina a cinya ko damtse, shi da sauƙi. Akwai kuma na cikin ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin feɗe ragon layya ya ga farin kitsen nan da ke lulluɓe da kayan ciki, mutum ma yana da irinsa. Wannan kitsen ba ya zama shiru. Yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu haddasa kumburi, kuma jinin da ya ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye. Hantar da maiƙo ya taru a cikinta takan ci gaba da zuba suga a jini ko da insulin ya ce ta dakata. Shi ya sa inda kitse ya zauna ya fi yawansa muhimmanci.

Me ya haɗa wannan da Kura, Bunkure da Dawakin Kudu?

Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya sauya wannan yanki. Ruwan da ke bin magudanan aikin noman rani na Kogin Kano, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam gidan shinkafa, alkama, masara da tumatir. Arziki ne, babu mai musu. Amma ya zo da sabuwar rayuwa. Kakan da ya rayu kan gero da dawa, yana zuwa gona da ƙafa yana dawowa da ƙafa, yanzu yana da jikan da ke cin shinkafa rana da dare, ya hau babur zuwa shagon da ke bayan layi, ya wuni zaune.

Ba mai dashen shinkafa da ke wuni a duƙe cikin taɓo a Kadawa ake nufi ba, shi tsokarsa na ƙone abin da ya ci. Wanda maganar ta fi shafa shi ne mai POS da ke kan benci daga safe zuwa isha'i, da direban Adaidaita Sahu, da dillalin da ke sayar da buhu ɗari ta waya bai ɗaga ko mudu ba, da mai gyaran waya, da mai zaman gaban kwamfuta, da matar auren da duniyarta ta tsaya tsakanin ɗaki da tsakar gida. Dawakin Kudu ma birni ya riga ya taɓo ta, wanda ya bi hanyar Tamburawa ya san gidaje da shaguna sun kusa haɗe ta da Kano.

A 2018 wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka tattara binciken da aka yi kan ciwon suga a faɗin Najeriya. Sun samu kashi 5.77 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 3.0, yayin da Kudu maso Kudu ke da 9.8. Mai karatu zai iya cewa to ai an gode Allah. Sai dai abubuwan da binciken ya lissafa a matsayin masu jawo ciwon sun haɗa da zaman birni, rashin motsa jiki da sauyin cima, waɗanda su ne ke shigowa yankin yanzu. Ga shi kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Al'ada ma na taya ɓoyewa. Saurayi ya ajiye tumbi, abokai su ce naira ta zauna. Ango ya yi wata shida ya murje, a yaba wa girkin amarya. Kaftani da babbar riga ba sa tona asiri, kuma wandon zariya ba ya ƙorafi irin na bel. Mai sa bel yana ganin ranar da ya koma rami na gaba, mai zariya kuwa sai dai ya ɗan sassauta ɗauri bai ma lura ba.

BMI layi ɗaya ne na lissafi

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san BMI shi ne aikin da ake ba ɗan koyo a makon farko. A ɗauki nauyi da kilo, a raba shi da tsawo da mita, a sake rabawa da tsawon. Daga 18.5 zuwa 24.9 manhaja ta nuna kore, 25 zuwa sama ruwan ɗorawa, 30 zuwa sama ja. Babu wata basira a ciki. Wanda ya fara fito da lissafin, Adolphe Quetelet, masanin lissafi ne da taurari ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi aikinsa a shekarun 1830 yana nazarin matsakaicin Bature. Sai a 1972 wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. An yi shi don kwatanta al'umma da al'umma, kuma a nan yana da amfani. Ga mutum guda, bai san bambancin kilo na tsoka da kilo na teɓa ba.

A ɗauki misalin samari biyu, kowanne tsawonsa santimita 170, nauyinsa kilo 68. Ɗaya yana dakon buhu a injin casar shinkafa, ƙugunsa santimita 78. Ɗayan yana zaman shago, hannu da ƙafa sirara, ƙugunsa santimita 92. Manhaja za ta ba su lamba ɗaya, 23.5, ta shafa wa kowa kore. A wurinta tagwaye ne.

Wasu likitoci biyu sun taɓa nuna wannan da jikinsu. A 2004 Lancet ta buga hoton Chittaranjan Yajnik na birnin Pune a Indiya tare da John Yudkin na Landan. BMI ɗinsu ɗaya, 22.3. Da aka auna su da na'urar asibiti, kitsen Yudkin, wanda ke gudun dogon zango, kashi 9.1 ne, na Yajnik kuma 21.2. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fito a 2023 ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai, kuma a Janairun 2025 wani babban kwamitin masana da Lancet ta kafa ya ce a riƙa haɗa shi da awon ƙugu. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ƙara da cewa ga baƙar fata 'yan asalin Afirka haɗarin na farawa da wuri, don haka ta saukar musu da iyakar zuwa 23 da 27.5 maimakon 25 da 30. Da wannan ma'auni, 23.5 ɗin da manhaja ta shafa wa kore ya riga ya tsallaka layi. Manhajoji nawa ne a wayoyin Kano ke tambayar asalin mai amfani kafin su zaɓi launi?

Kason kitse da sikeli ke nunawa fa?

Masu sikelin zamani za su ce ai su sun wuce BMI, nasu har kitse yake aunawa. Ga yadda yake aiki. Ƙarafan da ke saman gilashin na tura 'yar ƙaramar wutar lantarki, wadda ba a ji, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Tsoka na ɗauke da ruwa sosai, wuta na ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuma na tare ta. Abin da sikelin ke aunawa da gaske abu biyu ne kacal, nauyi da yawan turjiyar da wutar ta gamu da ita. Sauran lambobi goma sha ɗin duk hasashe ne da manhaja ke yi bayan ta haɗa da shekaru, tsawo da jinsin da aka rubuta mata.

Akwai gwaji mai sauƙi. A hau sikelin a ga kason kitse. A shiga saiti a ƙara shekara 15 a kan shekarun haihuwa, ko a sauya jinsi, a sake hawa. Lambar za ta sauya, alhali jikin ko gashi bai ƙaru da shi ba.

Sannan wutar da ta shiga ta ƙafar dama ta fita ta hagu, gajeriyar hanya take bi. Ta fi sanin cinya da ƙwauri, cikin da ake magana a kai kuwa ɗan kaɗan take taɓawa. Duk da haka manhajar ba ta jin kunyar nuna wata lamba da sunan kitsen cikin ciki. Ruwan jiki ma na juya sakamakon. Wanda ya hau da yamma a zafin watan Afrilu bayan ya sha gumi, ko mai azumi dab da shan ruwa, zai ga lamba daban da wadda zai gani da safe. Kaushi da faso a tafin ƙafa, waɗanda ba baƙi ba ne lokacin hunturu, su ma suna tare wutar. Agogon Galaxy Watch4 da Samsung ya fitar a 2021 da wannan fasaha yake aiki, sai dai shi ta hannu wutar ke bi, kuma kamfanin da kansa ya rubuta cewa ba don gano cuta aka yi shi ba. Amazon ya gwada wata hanyar da Halo a 2020, inda kyamarar waya ke ɗaukar hoton jiki ta ƙiyasta kitse, ya rufe shirin a 2023. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ma ya hau irin wannan sikeli.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne agogon da ake tallatawa a TikTok da Facebook wai yana auna sugan jini ba tare da huda fata ba. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi ƙarara cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin haka ba. Apple da Samsung, da duk kuɗin da suke da shi, ba su sa wannan a agogonsu ba, sai wani agogo marar suna a cikin kwali mai ƙyalli ne zai riga su? A ɗaura shi a jikin gorar ruwa a danna. In ya ba gora lambar suga, an samu amsa. Ko na'urorin gaskiya irin FreeStyle Libre, masu siririyar allura da ake mannawa a damtse, suga suke aunawa, kuma an riga an ga cewa suga ne ke zuwa a makare.

Yadda ake awon

Ƙa'idar da NICE ta fitar a 2022 gajeriya ce: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. A tsaya a miƙe, a ɗaga riga, a laluba ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu, wato ɗan sama da cibiya. A saki numfashi yadda aka saba, kada a shanye ciki kamar mai ɗaukar hoton biki, kada kuma a ɗame tef ɗin. Sai a raba abin da aka samu da tsawo. Daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama haɗarin babba ne. Samarin nan biyu da manhaja ta mayar tagwaye, mai dako ya samu 0.46, mai shago 0.54.

Wanda ba shi da tef, igiya ta wadatar. A auna tsawo da ita daga ƙafa zuwa ka, a yanke, a ninka biyu, a zagaya a ciki. In bakin biyu sun haɗu da sauƙi, madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai magana. Awon wando da ke littafin tela ba zai yi wannan aikin ba, domin yawanci a ƙasan tumbi ake ɗaukarsa, inda wando ke zama. Mai juna biyu ma wannan awo ba nata ba ne.

Wasu manhajoji na amfani da lamba tsayayya, santimita 94 ga maza da 80 ga mata. IDF ce ta sa su, amma daga Turawa aka samo su, aka ce 'yan Afirka su ara kafin a samu nasu. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ya haɗa bayanan mutum fiye da 24,000 daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa ga maza iyakar da ta fi dacewa tana kusa da santimita 81. Namijin da ke jiran ya kai 94 kafin ya damu ya ba wa matsalar tazarar santimita goma sha uku kyauta. Lissafin rabin tsawo ya fi adalci, domin dogo da gajere kowa da nasa layin.

Gaskiya ne tef ma ba likita ba ne. Ba ya ganin insulin, ba ya raba kitsen ƙarƙashin fata da na cikin ciki dalla-dalla, kuma akwai siririn da ƙugunsa bai kai rabi ba amma gado ya ja shi zuwa ciwon. Ana zaton wuta a maƙera takan tashi a masaƙa. Amfaninsa shi ne yana auna wurin da matsalar ke zaune, kuma lambar da ya bayar tasa ce, babu manhajar da ta yi masa kwalliya. Ainihin auna bijirewar insulin aikin ɗakin gwaji ne. Hanyar da aka fi sani ita ce HOMA-IR, wadda masana a Oxford suka fitar a 1985, inda ake haɗa sugan jini da insulin ɗin jini na wanda ya kwana bai ci ba. Ba kowane asibiti ke yin gwajin insulin ba, kuma mai lafiya ba ya buƙatar binsa. Aikin tef shi ne ya nuna wa ya kamata ya je a duba sugansa tun bai ji komai ba.

Wanda ya wuce 0.5, musamman in mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa na da ciwon suga, ko yana da hawan jini, ko macen da suganta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ya kamata ya je Babban Asibitin Dawakin Kudu, na Kura, ko wata cibiyar lafiya mafi kusa a duba sugansa da safe bayan aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. A ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, ƙasa da 5.6 daidai ne, 5.6 zuwa 6.9 bakin gaɓa ne, 7.0 zuwa sama kuma sai an maimaita don tabbatar da ciwon. In na'urar da ɗaya ma'aunin take ƙirga, lambobin su ne 100 da 126. Akwai wani gwajin mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, sai dai wasu na'urorin na ruɗewa da jinin mai ɗauke da ƙwayar sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Tunda Kano ta yi dokar gwajin kafin aure a 2024, matasa da yawa sun san rukunin jininsu. A faɗa wa mai gwajin.

Akwai alamar da kyamarar waya za ta iya taimakawa a kai. Fatar bayan wuya ko hammata ta yi baƙi, ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, a yi ta dirza da soso ba ta fita. Sau da yawa yawan insulin a jini ne ke jawo ta. Mutane na ɗauka dauɗa ce, wasu su bi ta da man bilicin. A sa wani ya ɗauki hoton ƙeya a duba, in an gani a nuna wa likita.

Dole a taɓo magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake tallata wa 'yanmata da amare a WhatsApp da Instagram. Cikin ƙwayoyin da aka fi sha don wannan akwai dexamethasone, magani ne na gaske da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. Illarsa sananniya ce a duk littafin haɗa magunguna: yana sa jiki ya bijire wa insulin, yana ɗaga suga da hawan jini, yana tara kitse a ciki da fuska yayin da yake cinye tsokar hannu da ƙafa. Wadda ta sha don ta cika ido, kuɗinta ta sa ta sayi ainihin kitsen da ake gudu. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, likita ne zai tsara mata yadda za ta rage.

Inda agogon ke da rana

Bijirewar insulin na juyawa baya, musamman tun da wuri. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2002, an raba mutum 3,234 da ke bakin gaɓa gida uku. Waɗanda aka ɗora kan motsa jiki na minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin metformin, da kashi 31. Tsokar da ke aiki na janye suga daga jini ko insulin bai yi mata sallama ba, shi ya sa tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci ke da tasiri. Wanda ya ci tuwon dare ya taka zuwa masallacin da ke ɗan nesa ya bar babur a gida ya samu rabonsa. A nan agogo ke da amfani na gaske, domin ƙirga taku abu ne da yake aunawa da kansa. Wayar da ke aljihu ma na yin hakan kyauta.

Barci ma haka. A Jami'ar Chicago an taɓa taƙaita wa samari 11 masu lafiya barci zuwa awa 4 na dare shida, sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna jikinsu ya ragu sosai wurin sarrafa suga. Mai sayen datar dare ya kwana kan TikTok har kiran assalatu, sannan ya fita shago, ya duba abin da wayarsa ke rubutawa a shafin lokacin kallon fuska.

Batun abinci, babu mai hankalin da zai ce wa mutumin Kura ya bar shinkafa. Maganar yawa ce da abin haɗi. Garau-garau da aka cika wa wake, aka yanka latas, tumatir da kabeji, duk amfanin gonakin yankin, ya fi farar shinkafa zalla jinkirin ɗaga suga. Abin da ya fi saurin cutarwa shi ne wanda ake kurɓa. Lemon da ke da giram 10 na suga a kowane mililita 100, kwalbarsa mai santilita 50 na ɗauke da giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, kuma an rubuta a jikin kwalbar ga mai son karantawa. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. A haɗa da shayin mai shayi da aka zuba wa madarar gwangwani da suga cokali huɗu, da zoɓo da kunun aya na gora, da furar da yanzu ba a sha sai an zuba mata suga.

Wanda ya riga ya sayi sikelin ba sai ya jefar ba. Nauyin da yake nunawa daidai ne, kuma in ana hawa lokaci ɗaya, da safe bayan an zaga kafin a karya, zai nuna ko ana hawa ko ana sauka. A dai duba izinin da manhajarsa ke nema. Abin auna nauyi ba shi da hurumin neman lambobin waya da hotuna, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Awon ƙugu sau ɗaya a wata ya isa, a rubuta a manhajar rubutu ta waya tare da kwanan wata. Mai tsawon santimita 170 layinsa 85 ne, mai 160 kuma 80. Yawancin teloli da inci suke karantawa, amma lissafin bai damu ba muddin an auna tsawo da ƙugu da gefe ɗaya na tef ɗin: mai tsawon inci 67 kada ƙugunsa ya kai 33 da rabi, mai inci 63 kuma 31 da rabi.